Allurar da Aka Binne a Gosa: Yadda Korona ta Tarar da Ƙasashen Duniya

Ranar 22 ga Disamba, 2021, motoci suka shiga jujin Gosa da ke gefen Abuja shaƙe da kwalaye. Aka juye kwalayen, katafila ta bi ta kansu tana murƙushewa, 'yan jarida na tsaye suna ɗaukar hoto. Allurar rigakafin korona ce ta AstraZeneca, sama da guda miliyan 1, wadda wa'adinta ya cika tun ba ta kai ga damtsen kowa ba. Dokta Faisal Shuaib, wanda ke shugabantar hukumar kula da lafiya a matakin farko a lokacin, ya bayyana cewa kyauta ce daga ƙasashe masu hali, ta kuma iso ne saura 'yan makonni ta lalace. An karɓa don babu wata. Ranar da ake wannan binnewa, 'yan Najeriyar da suka cika allurarsu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Shekara guda da mako biyu kafin nan, ranar 8 ga Disamba, 2020, wata dattijuwa 'yar shekara 90 mai suna Margaret Keenan ta zauna a wani asibiti a Coventry ta ƙasar Ingila, ta miƙa hannu. Ita ce ta farko da aka yi wa allurar Pfizer bayan an kammala gwaji. Lokacin da katafila ke aiki a Gosa, mutanen ƙasarta suna layin allura ta uku.

Na daɗe ina juya waɗannan hotuna biyu a raina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 an yi asarar rai miliyan 14.9 sama da yadda aka saba, ko ta cutar kanta ko ta abin da ta jawo. Mutuwar ba ta rabu daidai ba, kuma arziki kaɗai bai isa ya bayyana yadda ta rabu ba. A Oktoban 2019, wata biyu kafin a ji sunan Wuhan, wasu cibiyoyin bincike sun fitar da jadawalin ƙasashen da suka fi shirin tarar annoba. Amurka ce ta ɗaya, Birtaniya ta biyu. Amurka ta rasa sama da mutum miliyan 1.1, Birtaniya sama da 200,000. Abin da na fahimta bayan bin labarin ƙasa ƙasa shi ne, kowa ya shiga annobar da tsohon kayansa a ka: abin da ya taɓa gani, abin da ya gina tun kafin ranar, da irin zaman da ke tsakanin masu mulkinsa da talakawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Waɗanda maciji ya taɓa sara

A 2015 wani ɗan kasuwa ya koma Koriya ta Kudu daga ƙasashen Larabawa ɗauke da cutar numfashi da ake kira MERS. Sai da ya zaga asibitoci kafin a gane abin da ke damunsa. Mutum 186 suka kamu, 38 suka mutu, gwamnati kuma ta ɓoye sunayen asibitocin da cutar ta shiga har sai da jama'a suka tayar da jijiyar wuya. Kunyar da aka sha ita ta sa aka gyara doka. Aka ba jami'an lafiya ikon bin sawun mai cuta ta wayarsa da katin bankinsa da kyamarorin titi, aka wajabta sanar da jama'a abin da ke faruwa, aka buɗe ƙofar amincewa da kayan gwaji cikin gaggawa.

Da korona ta ɓulla, tun ana ƙirga masu ita da yatsun hannu ɗaya, jami'ai suka tara kamfanonin haɗa kayan gwaji a ƙarshen Janairun 2020. Kwana kaɗan aka amince da na farko. Saboda haka lokacin da cutar ta fashe a birnin Daegu ta hanyar wata majami'a a Fabrairu, akwai abin gwaji a hannu. Mutum ya tuƙo motarsa, a ɗauki samfur ta taga, ya wuce, sakamako ya iske shi a waya. Koriya ba ta taɓa kulle ƙasar baki ɗaya ba, har zaɓen majalisa ta yi a Afrilu. Ita da Amurka kusan rana guda suka gano mai cutar na farko. Shekarar ta ƙare Koriya ba ta rasa mutum 1,000 ba, Amurka ta rasa kusan 350,000. Amurka ta ninka ta sau shida a yawan jama'a, amma wannan bai cike ko kusa da tazarar ba.

Taiwan kuwa tabon SARS na 2003 ne a jikinta. Mataimakin shugabanta a farkon 2020, Chen Chien-jen, masanin annoba ne, shi aka ba ma'aikatar lafiya a tsakiyar waccan masifa. Tun ranar 31 ga Disamba, 2019, suka fara duba fasinjojin jirgin Wuhan. Gwamnati ta karɓi ragamar sarrafa takunkumin fuska, ta riƙa raba shi ta kantunan magani, kowa da kasonsa na mako. Mutum 7 suka mutu a 2020, cikin miliyan 23.

Mu ma muna da namu tabon. A 2014 Dokta Ameyo Adadevoh ta hana Patrick Sawyer, mai ɗauke da cutar Ebola, fita daga asibiti a Legas, ta biya da ranta, ma'aikatan yaƙi da shan inna suka bazu suna bin sawun duk wanda ya yi hulɗa da masu cutar, Ebola ta tsaya a kan mutum 20. Wannan darasi ya yi amfani lokacin da wani ɗan Italiya ya zama mai korona na farko a ƙasar ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Sai dai ɗakunan gwajin da za su iya gano cutar a lokacin ba su wuce biyar ba, ga mutum miliyan 200.

Kulle, da wanda zai iya zama a gida

Ranar 23 ga Janairu, 2020, Sin ta rufe Wuhan, birni mai mutum miliyan 11, har kwana 76. Da fari duniya ta ga abin kamar wanda mulkin kama-karya kaɗai zai iya. Sai ga motocin soja jere a Bergamo ta Italiya suna kwashe gawawwaki cikin dare saboda wuraren binnewa da ƙonawa sun cika. Daga nan kulle ya zama maganin da kowa ya runguma.

Ya yi wa wasu aiki. New Zealand ta rufe iyakarta ranar 19 ga Maris, ta kulle gida bayan kwana shida, gwamnatin Jacinda Ardern ta riƙa biyan albashin ma'aikatan da aka zaunar. Zuwa watan Yuni babu mai cutar ko ɗaya a ƙasar. Mutum 25 ta rasa a 2020. Tsibiri ce mai mutum miliyan 5 da baitulmali mai ƙarfi, wannan gaskiya ne, amma Birtaniya ma tsibiri ce. Suwidin ta bi wata hanya daban: ta bar makarantun firamare da shaguna a buɗe, ta dogara da shawara da hankalin jama'a. Cutar ta yi wa gidajen tsofaffinta mummunar ɓarna, mace-macenta a shekarar farko ya ninka na Norwe da Finlan sau da dama, har Sarki Carl Gustaf ya fito a Disamba ya ce sun gaza. Amma da aka haɗa lissafin shekara uku, Suwidin ta fito cikin ƙasashen Turai masu ƙarancin asarar rai. Har yau masana na ja-in-ja a kanta, kuma duk mai ce maka hukuncinta mai sauƙi ne bai karanta ba.

Inda na fi so mu tsaya shi ne Peru, domin ta fi kama da mu. Ta kulle tun 16 ga Maris, 2020, kafin Birtaniya, da soja a kan titi. Duk da haka ta ƙare a matsayin ƙasar da ta fi kowace asarar rai idan aka auna da yawan jama'a: sama da 200,000 cikin miliyan 33. Kusan kashi 70 cikin 100 na masu aikinta 'yan hannu baka hannu ƙwarya ne. Gidaje da yawa ba su da firji, dole a je kasuwa kullum, kasuwannin suka zama matattarar cutar. Gwamnati ta ware tallafin kuɗi, amma da yake yawanci ba su da asusun banki, sai suka yi dafifi a ƙofar bankuna, aka ƙara yaɗa abin da ake gudu. A Indiya, sa'a huɗu Firaminista Narendra Modi ya ba mutum biliyan 1.3 ranar 24 ga Maris kafin kulle ya fara. 'Yan ci-rani suka wayi gari ba aiki, ba mota, ba jirgin ƙasa, suka kama hanyar ƙauyukansu a ƙafa, wasu ɗaruruwan kilomita. A watan Mayu jirgin kaya ya bi ta kan 16 daga cikinsu da gajiya ta kwantar a kan layin dogo kusa da Aurangabad.

Duk wanda ya yi azumin 2020 a Kano ya san wannan labari ta ciki. An rufe jihar a tsakiyar Afrilu, azumi ya kama bayan mako guda, ranar 27 ga wata Shugaba Buhari ya ƙara nasa umarnin a kai. Mai faci, mai shayi, ɗan dako a Kantin Kwari, direban adaidaita, duk aka ce su zauna a gida, ba a ce ga abin da za su ci ba. Ranakun da ake sassautawa don a yi cefane, cunkoson kasuwa yakan fi na jajiberin salla. A daidai lokacin masu haƙar kabari suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Cikin 'yan kwanaki aka rasa dattawa bi da bi, ciki har da Farfesa Ibrahim Ayagi da Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila, Allah ya jiƙansu. Ɗakin gwajin jihar ya tsaya na kwanaki. Asibitoci masu zaman kansu da dama sun rufe don tsoro, mai hawan jini da mai ciwon suga suka rasa inda za su. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya sanar da sakamakon bincike: mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama korona ce sanadi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da na gani a matsayin lamba. Iyayen mutane ne da malamansu.

Ga almajirai da gwamnoni suka riƙa lodawa a motoci ana mayar da su jihohinsu, wasu da cutar a jiki. Ga rahoton hukumar kare haƙƙin ɗan Adam a tsakiyar Afrilu cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta kulle, alhali cutar a lokacin 12 ta kashe a lissafin hukuma. Ga rumbunan kayan tallafi da jama'a suka fasa a Oktoba a Jos da Legas da Kaduna da wasu garuruwa, suka tarar da shinkafa da taliya jibge, wata shida bayan yunwar kulle. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ci wani yanki na amanar da za a zo ana nema bayan shekara guda, ranar da allura ta iso.

A Nijar rufe masallatai da dokar hana fitar dare ne suka tayar da tarzoma a Yamai da yankin Damagaram, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta sake buɗe wuraren ibada a tsakiyar Mayu. Gana ta kulle Akara da Kumasi mako uku kacal, ta ɗauke wa jama'a kuɗin ruwa, ta janye dokar da wuri ta koma kan gwaji. A ganina ta fi mu karanta aljihun talakanta.

Wasu shugabannin kuma musu suka zaɓa. Jair Bolsonaro na Barazil ya kira cutar 'yar mura, ya riƙa shiga taro ba takunkumi. A Janairun 2021 iskar oksijin ta ƙare a asibitocin Manaus, marasa lafiya suka mutu a kan gado suna neman numfashi. Barazil ta rasa kusan 700,000. John Magufuli na Tanzaniya ya daina fitar da alƙaluma bayan an kai 509, ya ce ƙasar ta rabu da cutar, ya ƙi neman allura. Ya rasu a Maris na 2021, gwamnati ta ce ciwon zuciya ne. Magajiyarsa Samia Suluhu Hassan ta yi allura a bainar jama'a a watan Yuli. Madagaska ta yi tallan wani tsimi na tazargade, har an kawo shi Abuja, amma babu gwajin da ya tabbatar da yana warkar da cutar.

Kowa tasa ta fisshe shi

Samun allura cikin ƙasa da shekara guda abin al'ajabi ne, bai kamata ɓacin rai ya hana mu faɗa ba. Wani bincike da masana a Landan suka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa ta ceci rai kusan miliyan 20 a shekararta ta farko. Saurin ya samu ne saboda an shafe shekaru ana aiki a kan fasahar, sannan gwamnatoci suka zuba kuɗi tun kafin a san wace za ta yi aiki. Amurka kaɗai ta sa sama da dala biliyan 10. Amma wanda ya biya kafin a dafa shi ke fara ci. Kanada ta yi odar abin da zai ishi jama'arta kusan sau biyar. Isra'ila ta ƙulla da Pfizer cewa za ta riƙa ba kamfanin bayanan lafiyar waɗanda aka yi wa, ta zarce kowa sauri, yayin da Falasɗinawan Gaza da Gaɓar Yamma suka jira watanni.

An kafa shirin COVAX don kada matalauta su zo a ƙarshen layi. Burinsa allura biliyan 2 kafin 2021 ta ƙare. Gana ce ta fara karɓa, 600,000, ranar 24 ga Fabrairu, 2021. Najeriya ta karɓi kusan miliyan 4 ranar 2 ga Maris, Shugaba Buhari ya yi tasa ranar 6 ga wata. Nijar ta fara da Sinopharm da Sin ta ba ta kyauta. Raunin shirin shi ne ya rataya kusan dukkan fatansa a wuyan masana'anta ɗaya, Serum Institute da ke Pune a Indiya. Da nau'in Delta ya taso wa Indiya, masu kamuwa suka haura 400,000 a rana, wuraren ƙona gawa suka cika, gwamnati ta tsayar da fitar da allura daga ƙarshen Maris har kusan ƙarshen shekara. Ba na ganin laifinta. Gidanta ke cin wuta. Amma Afirka ce ta kwana a ciki. Najeriya ta ƙarar da kasonta na farko a watan Yuli, aikin ya tsaya cak sai da Moderna miliyan 4 ta iso daga Amurka a Agusta. COVAX bai kai biliyan 1 ba sai tsakiyar Janairun 2022.

Tun Oktoban 2020 Afirka ta Kudu da Indiya suka roƙi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta jingine haƙƙin mallakar fasahar allurar na ɗan lokaci don wasu su iya haɗawa. Tarayyar Turai da Birtaniya da Suwizalan suka tirje. Sai Yunin 2022 aka amince da wani guntun abin, ihu bayan hari. A 2021 ma an gano cewa allurar Johnson & Johnson da ake ɗurawa a kwalba a Afirka ta Kudu Turai ake kai ta. Sannan a ƙarshen Nuwamba masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in Omikron, suka sanar da duniya ba ɓata lokaci. Ladan da suka samu shi ne rufe musu ƙofa. Birtaniya ta sa har da Najeriya a jerin ƙasashen da ta haramta wa shiga a farkon Disamba, ta janye bayan kwana goma da ta ga nau'in ya riga ya cika Landan.

A 2021 ɗin ne kyauta ta fara kwarara, lokaci guda, ba sanarwa, da wa'adi gajere. Malawi ta ƙona kusan 20,000. Kwango ta mayar da miliyan 1.3 don a raba wa wasu. Kafin allura ta tashi daga filin jirgin Abuja ta isa wani ƙauye a Yobe, sai an tantance ta, an samu motar sanyi, an horar da ma'aikata, an yi shela. Wannan aikin makonni ne, ita kuma makonnin suka rage mata. Hanyar da ta kai mu Gosa ke nan.

Samun allura daban, miƙa hannu daban

Rasha ce ta fara yi wa allura rajista a duniya, Sputnik V, ranar 11 ga Agusta, 2020, tun ba a gama babban gwaji ba. Tana da masana'anta, tana da kuɗi, amma bayan shekara guda yawancin Rashawa ba su yi ba, saboda ba su yarda da masu cewa su yi ba. Fotugal da Bulgeriya duk 'yan Tarayyar Turai ne, daga tukunya ɗaya aka zuba musu. Fotugal ta ɗora aikin a kan wani hafsan sojan ruwa, Henrique Gouveia e Melo, wanda ya nisanta shi daga siyasa, ta kai kashi 85 cikin 100 a Oktoban 2021. Bulgeriya ta maƙale a wajen kashi 30. A Amurka allura ta zama tutar jam'iyya, har ana iya hasashen yawan masu yi a gunduma daga yadda ta yi zaɓe.

Butan, ƙaramar masarauta a tsaunukan Himalaya, ta samu kyauta daga Indiya a Janairun 2021, amma ta jira sai 27 ga Maris, ranar da malaman addininta suka zaɓa. A wannan tsakani ta yi rajistar jama'a, ta tanadi jirage masu saukar ungulu da masu tafiyar ƙafa. Cikin kusan mako biyu ta yi wa sama da kashi 90 cikin 100 na manya. Barazil ma, duk da shugabanta, jama'a sun yi tururuwa, saboda shekaru da dama suna da asibitin unguwa kyauta da al'adar kai yara rigakafi. Kyuba, da takunkumin tattalin arziki a wuyanta, ta haɗa nata alluran, Abdala da Soberana, ta yi har wa yara 'yan shekara 2.

Hong Kong ta nuna tsadar sakaci da tsofaffi. Ta tsare cutar shekara biyu, amma da Omikron ya shiga a farkon 2022 mafi yawan waɗanda suka haura 80 ba su yi allura ba, aka rasa sama da 9,000 cikin 'yan watanni. New Zealand ta gamu da nau'in a lokaci guda, tsofaffinta a shirye, abin ya zo mata da sauƙi ƙwarai. Sin ta riƙe kulle har ƙarshen 2022, ta rufe Shanghai wata biyu, sai da gobarar Urumqi ta kashe mutum 10 jama'a suka fito zanga-zanga, sannan ta saki komai lokaci guda a Disamba, cutar ta ratsa ƙasar cikin makonni.

To mu fa? An yi ta rubutawa a jaridun waje cewa Arewa ƙin allura take, kamar hali ne da aka haife mu da shi. Masu rubutun ba su cika tuna 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna, Pfizer ta gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi kisan, aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan na cikin abin da ya share wa ƙaurace wa allurar shan inna hanya a 2003, lokacin da Kano ta dakatar da ita kusan shekara guda, cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20. Ƙauracewar kuskure ce mai tsada, yara ne suka biya da ƙafafunsu. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Yadda aka gyara shi ne abin lura. An kawo allura daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. An sa sarakuna a gaba ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, hakimi da dagaci da mai unguwa kowa ya ɗauki alhakin yankinsa. An ɗauki matan unguwa masu shiga gida gida, waɗanda uwar yaro ta sani da suna. Waɗanda cutar ta nakasa suka shiga wayar da kai da kansu. A haka aka kai ga 25 ga Agusta, 2020, ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna ta asali, a tsakiyar korona.

Tambayar da mutane suka riƙa yi a majalisa da bakin masallaci tana da nauyi: me ya sa ake bin mu da wannan kyauta, amma in zazzaɓi ya kwantar da yaro sai mun saya? Zazzaɓin cizon sauro na kashe sama da mutum 180,000 a Najeriya duk shekara. Korona, a lissafin hukuma, ta kashe kimanin 3,155 gaba ɗaya. Lissafin ya gaza gaskiya nesa ba kusa ba, domin mutuwa kaɗan ake yi wa rajista a ƙasar nan, kuma Afirka ta Kudu mai cikakken lissafi ta ga asarar da ta ninka ta hukuma kusan sau uku. Ƙuruciya ma ta kare mu: rabin 'yan Najeriya ba su kai shekara 19 ba, rabin 'yan Nijar ba su wuce 15 ba, alhali rabin Italiyawa sun haura 45. Duk da haka, mai tambayar abin da idonsa ya gani yake faɗa, kuma amsar da ta dace da shi ita ce magani a asibitin unguwarsa.

Da allura ta wadata a 2022, aka samu ta Johnson & Johnson mai yi sau ɗaya, aka haɗa ta da rigakafin yara, aka kai ta kasuwa da tasha da masallacin Juma'a, jihohin da suka riƙa zuwa a sahun gaba a jadawalin hukuma su ne irin su Nasarawa da Jigawa da Kano. Ina danganta wannan da tsohuwar hanyar shan inna da ba ta rufe ba. Saudiyya ma ta taimaka ta inda ba a zata ba. Bayan Hajjin 2020 da 2021 da aka hana baƙi, na 2022 an buɗe wa mutum miliyan 1 bisa sharaɗin allura, maniyyata suka miƙa hannu ba gardama.

Kusan kashi 99 cikin 100 na alluran rigakafin da Afirka ke amfani da su daga waje ake kawowa. Najeriya ta taɓa haɗa nata: ɗakin sarrafawa na Yaba a Legas ya yi shekaru yana fitar da allurar agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare, aka rufe shi a 1991 da sunan gyara, bai sake buɗewa ba. Cibiyar Vom kusa da Jos har yau tana haɗa ta dabbobi. Cibiyar Pasteur ta Dakar na ci gaba da haɗa ta shawara, an kafa cibiyar koyar da sabuwar fasahar haɗa allura a Cape Town, BioNTech ta buɗe masana'anta a Kigali a Disambar 2023, Tarayyar Afirka kuma ta sa burin haɗa kashi 60 cikin 100 a gida kafin 2040.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023. Ƙyandar biri kuwa, wadda ke yawo a Najeriya tun 2017, da ta ɓulla a Turai da Amurka a 2022 cikin makonni aka fara yi wa mutanensu allura. Kason farko da ya sauka a Afirka don yaƙar ta ya iso Abuja a ƙarshen Agustan 2024: guda 10,000, kyauta daga Amurka.